Ruwan Lagireto a Hanyar Olovo

Ruwa na tafi ɗebowa. Jarka ɗaya a kowane hannu, ina gangarawa gefen titi, rana ta faɗa bayan dutse amma gari bai gama rufewa ba. A bayana na bar mijina Refik da bas ɗinmu, ita tana tururi, shi yana zaginta ƙasa-ƙasa.

Lagireto ne ya sake tafasa, a hawan nan na tsakanin Kladanj da Olovo inda hanya ke murɗewa cikin daji. Da ƙyar Refik ya samu fili ya rakuɓe da ita a gindin wata tsohuwar bishiyar orah, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo. Ya leƙa ƙasa ya ce tiyon ne ya tsage, sai ya juye ruwan ya ɗaura wani.

Na ce, "Ka bari ya huce tukuna. Ga magariba ta kawo kai."

Ya ce, "Zumra, ƙarfe bai san magariba ba. Je ki kawo ruwa kafin duhu."

Na ɗauki jarkoki. Na gaji da tankawa.

Sunana Zumreta, Zumra ake kirana. Ɗinki na yi a masana'antar riguna a Tuzla har idona ya daina ganin kafar allura. Refik malamin makaranta ne, labarin ƙasa ya koyar, ya ƙare ƙuruciyarsa yana nuna wa yara garuruwan da bai taɓa takawa ba. Shekarar da ya yi ritaya matar ɗanmu Nedim ta haifi tagwaye, suna cunkushe a ɗaki ɗaya na haya. Muka bar musu gidanmu na bene. Refik ya ce mu kam hanya ce gidanmu yanzu, ya nuna min hoton bas a waya, idonsa na ƙyalli kamar ranar da ya zo neman aurena.

Ta girmi aurenmu. Shuɗiya ce mai farin rufi, goshinta a zagaye. Da can ma'aikatan haƙar kwal take kaiwa aiki. Tun lokacin yaƙi aka yar da ita a daji, ciyawa ta tsiro a cikinta, har wasu mata da miji 'yan Ostiriya suka jawo ta. Suka cire kujeru, suka shimfiɗa katako, suka sa gado a baya, murhun itace a tsakiya, ɗan madafi, labule masu furanni. Bazara ɗaya suka yi a ciki suka sa ta a kasuwa. Ranar da muka je gani, matar ba ta taka cikinta ba. A waje ta tsaya ta rungume hannuwa. Na ɗauka sanyi take ji.

Teku Refik ya yi min alkawari. Ba mu ga teku ba. Garejin Sakib muka gani, har na san sunan karensa.

Ruwan sama na farko, rufi ya yi yoyo daidai kan matashina. Aka liƙe, ya koma yoyo a kan murhu. Iskar birki tana zurarewa cikin dare, da safe sai an bar inji ya yi ta ruri kafin motar ta yarda ta motsa. Ɓeraye suka ci wayoyin fitila. Batir ya mutu, aka sa sabo, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kayan gyaranta kuwa an daina ƙera su tun ina budurwa, sai Refik ya hau motar haya ya yi ta yawon wuraren 'yan gwangwan, ya dawo da wani ƙarfe a jarida kamar wanda ya samo zinari, a gwada a ga bai shiga ba. Da hunturu bango yakan yi gumi, rigunanmu su yi funfuna a cikin kabad. Hannun mutumin da alli kaɗai ya sani ya zama baƙi, faratansa suka farfashe. Ni kuma na koyi riƙe tocila. Ba abin da na ƙware a kai kamar riƙe tocila.

Sakib da ya hango mu sai ya fara dariya. "Furofesa! Ka sake kawo amaryar taka awo?"

"Yi aikinka, Sakib."

"Ina yi. Amma faɗa min gaskiya, me kuke ɗauka a baya? Duwatsu? Sipirin nan da hannuna na sa shi, ga shi ya sake kwanciya."

"Gado ne kawai da barguna."

"To wallahi bargunanku sun fi shanu nauyi."

Muka yi dariya mu duka. Abin dariya ne a lokacin.

Ina tafe ina wannan tunanin har na iso famfon. Irin na sadaka ne da ake ginawa a bakin hanya don mamaci, an sassaƙa sunansa a dutse, gansakuka ta cinye rabin sunan. Ruwan yana zuba siriri, sanyinsa na sa haƙori tsami. Na tara jarka na zauna a bakin dakalin. Ƙafafuna suna zugi. Daji yana warin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Can ƙasa a kwari, daga wani ƙauye da ban iya hangowa, ladan ya fara kiran salla, iska na kawo muryar tana mayarwa.

Sai na ji shuuu daga sama, dogo, irin na ruwan zafi idan ya taɓa ƙasa mai sanyi.

Sai kuka.

Gajere ne. Kamar na ɗan kyanwa da aka taka wa wutsiya, amma ƙarshensa ya lanƙwasa kamar na jariri. Sau ɗaya. Ya ɗauke.

Na tsaya ina saurare. Jarka ta cika ta yi ambaliya a kan takalmina ban sani ba.

Hawan ya fi gangarar tsawo. Jarkokin suna ja min kafaɗu, in yi ɗan taku in ajiye in huta. Ba mota ko ɗaya da ta wuce. Sai da na kusa na lura tsuntsaye sun yi shiru. Da zan tafi daji cike yake da hayaniyarsu ta shiga sheƙa. Yanzu ba abin da nake ji sai ruwa na kaɗawa a jarka da numfashina.

Warin ne ya fara tarye ni, zaƙi-zaƙi mai hawa kai, na ruwan lagireto. Ya bi gangara ya kwanta a tsakanin saiwoyin bishiyar, tururi na tashi daga nan a hankali. Refik ya ɗaga bayan motar, inda injin yake, da babban jak, ya ɗora jak ɗin a kan katako saboda laushin ƙasa. Ƙafafunsa kawai ake gani, da hasken tocila a ƙarƙashi.

Na ce, "Ka zubar?"

"Na zubar."

"Da zafinsa?"

"To da me zan zubar, da ƙanƙara?"

"Ka yi bismilla?"

"Miƙo min ƙaramar sifana, Zumra."

"Ba ka ji kuka ba?"

"Tiyo ne. Sifana."

Na durƙusa ina laluben akwatin kayan aiki. A nan ƙofar motar ta buɗe.

Da iska take aiki. Idan inji a kashe yake, iskar takan zurare, sai dai mutum ya sa kafaɗa ya tura. Amma ta yi fsss, ta naɗe kanta tsaf, kamar yadda ba ta taɓa yi mana ba tun da muka saye ta.

Matakala ta yi ƙara. Motar ta ɗan sunkuya ta gefen ƙofa, ta dawo.

Refik ya ce, "Me kika manta a ciki?"

"Ga ni nan kusa da ƙafarka."

Hasken tocilar ya juyo wajena.

Matakala ta sake ƙara. Ta sake. Ina kallon ƙofar, ba kowa. Amma busassun ganyen da ke gabanta suna lotsewa, ɗaya bayan ɗaya, a layi, tun daga cikin daji.

Katakon ƙarƙashin jak ya ce ƙaƙas.

"Zumra." Muryarsa ta canza. "Motar tana saukowa."

"Fito!"

"Rigata ta maƙale. Tsaya."

Na kama idon sawunsa na ja. Ya motso kaɗan, ya yi ƙara, na saki. Na kwanta a ƙasa na leƙa. Tocila ta faɗi gefe tana haska tayar baya. Ƙarfen da ke gicciye ya sauko ya zauna a kan ƙirjinsa. Bai danne shi duka ba. Ya dai hana shi motsi.

Matakala. Matakala. Matakala.

"Wa ke shiga?"

"Ba kowa."

"Ce musu su sauka. Ce musu akwai mutum a ƙasa."

Na miƙe na fuskanci ƙofar.

Ya ce a hankali, yana tsinka maganar, "Ƙaramin jak. Ƙarƙashin gado. Ɗauko."

Gadon yana can ƙurya, ƙarshen motar.

Lokacin yaƙi na taɓa tsayawa a layin burodi ana harbi daga kan dutse. Ban ji abin da na ji a gaban ƙofar nan ba. Amma mutumin da ke ƙasa, da wautarsa da taurin kansa, shi ne nawa. Na yi bismilla na taka.

Sanyi ne a ciki, ba irin na waje ba. Na rijiya.

Wari ya cika ta. Tsohuwar toka, jiƙaƙƙen ulu, da ƙaurin gashi.

Tagogi sun yi raɓa ta ciki, kamar yadda suke yi idan mota ta cika da mutane.

Na danna makunnin fitila. Ba wuta.

Na fara tafiya. Hanyar da nake bi kullum da tiren gahawa ta matse. Kafaɗata ta gogi wata kafaɗa. Gwiwata ta bugi wata gwiwa, a inda ba kujera, a inda aka cire kujeru tun kafin mu zo. Wani abu ya janye ƙafa ya ba ni hanya.

Suna numfashi. Da yawa. Ba a tare ba.

Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace min. Na koma farko. Ta sake ɓacewa a wuri ɗaya.

A bayana matakala ba ta daina ba.

Na wuce murhu. Na wuce madafi. Ɗan hasken da ya rage a sama yana shigowa ta gilashin baya, shuɗi-shuɗi, kuma a cikinsa na ga akwai mutum zaune a bakin gadonmu.

Tsohuwa ce, 'yar ƙarama, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ta yane kai da wani abu mai kama da buhu. A cinyarta akwai ƙunshi, yana motsi, yana wani siririn kuka ta hanci.

Ta ɗago. Idanunta a tsaye suke, ba a kwance ba.

Ta ce, "Barci yake yi."

Muryar kamar ana jan ganye a kan siminti.

"A saiwa na kwantar da shi. Ya sha iska."

Na ce, "Nana." Haka ya zo bakina, yadda nake kiran kakata. "Nana, bai sani ba."

"Ba ku taɓa sani ba."

Motar ta yi wani dogon nishi. Daɓen ya karkata a ƙarƙashina. Daga ƙasa, ta cikin katako, na ji Refik ya yi tari.

"Kun shigo ba sallama. Mun yi shiru. Kun hura mana wuta a tsakar ɗaki. Mun yi shiru. Kuna jan mu gari-gari, ba hutu. Mun yi shiru."

"Waɗannan fa?" Raɗa nake yi.

"Dangi. Sun ji kuka."

Ta juya kai wajen taga.

"Na kan dutse ba su iso ba tukuna."

Na san ƙaramin jak ba zai yi komai ba. Ko zai yi, ƙafafunta suna reto a daidai inda zan sa hannu.

Ƙunshin ya sake kuka. Kukan ciwo ne. Na goyi yara, na san shi.

A kan wata 'yar kanta da ke hannun dama akwai kwalbar zumar da yayata Hasiba ta ba mu. Na laluba na same ta. Murfin ya ƙi. Na sa gefen rigata na murɗa.

Na ce, "Kawo in gani."

Duk numfashin da ke motar ya tsaya.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta yaye gefen ƙunshin.

Ban kalla ba. Na kafa ido a labule, na dumbuza zuma, na miƙa hannu.

Hannu ne na taɓa. Siriri, ya yi wa jikin tsawo. Fatar ta saluɓe, tana zafi kamar gindin tukunya. Na shafa. Ya zabura. Na ce, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ɗan Nana," ina hura masa iska kamar yadda nake yi wa Nedim. Na ƙara zuma. Kafaɗa. Wuya. Wani wuri da ban san sunansa ba.

Katakon jak ya sake ƙara a waje. Wannan karon har da tsagewa.

Na ci gaba da shafawa.

Kukan ya ragu. Ya koma ajiyar zuciya.

Sai wasu 'yan yatsu suka kama nawa biyu, manuni da na tsakiya, suka riƙe. Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu.

Na ce, "Nana, mijina yana ƙasa. Tsoho ne. Wauta gare shi, ba mugunta ba."

Ta ci gaba da kallon ƙunshin.

"Ba mu da wani gida. Da muna da shi da mun bar muku."

Ta rufe ƙunshin. Yatsun suka sake ni. Ta karɓi kwalbar daga hannuna ta cusa a cikin mayafinta.

Sannan ta yi wani sauti, ba da ni ba. Kamar iska a bututun murhu.

Matakala ta yi ƙara.

Ta sake.

Sauka suke yi.

Ta ce, "Yi sauri. Ba duka ke jin maganata ba."

Na juya. Na bi ta cikinsu, kafaɗa da kafaɗa, wani yana ture ni, wani yana kauce min. Kusa da ƙofa wani abu ya kama bakin ɗankwalina. Na bar masa.

Na faɗo waje a kan gwiwoyi. Na rarrafa.

Motar ta ɗan ɗaga. Kaɗan. Tafin hannu.

"Refik!"

Ƙafafunsa ba su motsa ba.

Na kama ƙafafunsa, na kafa dugadugai a ƙasa, na ja da duk abin da ya rage min. Riga ta yage. Ya taho. Ciki, ƙirji, wuya.

Kansa na fitowa katakon ya rabe biyu.

Jak ya yi tsalle ya bugi bishiya. Bayan motar ya faɗi da ƙarar da ta amsa har kwari. Tocilar da ke ƙasa ta mutu.

Ya buɗe ido. Bakinsa da jini.

Na ce, "Tashi."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Na kan dutse suna zuwa."

Bai tambaye ni su wa ba. Ya rataya hannu a wuyana.

Muka gangara, ina jan sa, yana numfashi kamar tsohon zugazugi. Can sama da mu, a cikin itatuwa, ganye na ta ruguguwa, ana saukowa, ba gaggawa. Ban waiwaya ba. Mun wuce famfon sadaka, mun sha kwana, sai ga fitilun wata motar katako tana hawowa. Na tsaya a tsakiyar titi na ɗaga hannu. Direban ya taka birki ya leƙo yana masifa.

"Ke Inna, mutuwa kike nema?"

Da ya ga Refik sai ya diro. Ya ɗauke shi kamar yaro ya sa a gaba. Ya juya motar da ƙyar muka nufi gari. A hanya ya yi ta satar kallon hannuna, zuma na ɗiga daga yatsuna har kan siket.

A asibiti suka ce haƙarƙari ne suka tsattsage, huhu ya tsira. Ni kuma yatsuna biyu ba sa jin komai, har yau. Likita ya ce jijiya ce na danne garin ja. Da su nake sauke tukunyar gahawa daga wuta, ba tsumma.

Sakib ne ya je da motar ja ya kwaso bas ɗin da rana tsaka. Ya kai ta lambun tuffa na Hasiba, bayan gida, ya ajiye. Ya shiga ƙarƙashi da fitila don ya ga ɓarnar da faɗuwar ta yi. Ya daɗe. Da ya fito bai yi wasan da ya saba ba. Ya kira ni gefe ya buɗe tafinsa. Jan gari ne da ɓarɓashi.

Ya ce, "Yaya Zumra, kin san mene ne wannan? Shasin motarku ne."

"Faɗuwar ce ta karya shi?"

"Ina! Faɗuwar dai ta fasa rufin da aka yi masa. An naɗe shi da gwangwani an shafe da kwalta, sumul, ni kaina na sha shiga ban gane ba. Ciki tsatsa ce zalla. Daga tayar baya zuwa ƙarshe ba ƙarfen da ke riƙe da komai." Ya kakkaɓe hannu a wando. "A kan wannan kuka yi ta hawa duwatsu? Kuna kwana a kai? Ni dai ban san me ya riƙe ta ba. Kada Furofesa ya sake tada ta. Ko walda ba ta da wurin kamawa."

Da aka sallami Refik, cikinta muka koma. Ina za mu? Nedim ya ce mu zo, amma na san gidan, na san inda gadon tagwaye yake. Ɗakin baƙi na Hasiba ɗaya ne, surukarta ce a ciki. Ranar da muka dawo na tsaya a ƙofa na yi sallama da ƙarfi kafin in taka. Refik ya kalle ni, shi ma ya yi.

Ya daina magana sosai. Ya kwashe taswirorinsa ya ba jikokin maƙwabta. Yakan zauna a kujerar direba da bargo a cinya yana kallon itatuwan tuffa. Na ba shi labarin abin da na gani a ciki, ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai kawai. Na ɗauka bai yarda ba ne.

Sai da aka fara tsinkar tuffa, wata safiya muna shan gahawa, ya ajiye kofi ya ce, "Ba ni kaɗai ba ne a ƙasan."

Na jira.

"Da ƙarfen ya sauko min, na juya kai. Yana nan kusa da ni, kamar ni da ke. A durƙushe, ya tokare motar da gadon bayansa. Tsoho ne, Zumra. Ya fi ni tsufa. Hannuwansa sun nutse a ƙasa, jikinsa duk rawa yake yi. Duk wanda ya shiga, sai in ga ya ƙara lanƙwashewa."

"Ya yi magana?"

"Ya ce jikansa na ƙona."

"Sai me?"

"Na ce to me ya sa kake tare min. Ya ce ba don ni ba ne, iyalinsa ne a sama." Ya murza idanu. "Ya ce tun ranar da aka jawo ta daga daji yake ɗauke da ita. Kowane hawa, kowane rami. Ya ce, gaya wa matarka ta yi sauri, na gaji."

Gahawata ta huce a hannuna.

Refik ya ce, "Ban taɓa jin wanda ya faɗi kalmar nan na gane ta haka ba."

A ranar ya je wurin mijin Hasiba ya aro zarto. Akwai wani itacen da iska ta kayar a ƙarshen lambu. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi, amma ya ƙi a taya shi yanka, mirginowa kawai ya bari na kama masa. Muka jera kututture a ƙarƙashin bayan motar, dama da hagu, ya bubbuga ƙananan katakai a tsakani har kowanne ya ɗauki kaya. Kafin ya zura hannu sai ya ce, "Gafara dai." Da ya gama ya sace iskar tayoyin, motar ta zauna a kan itacen.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Muna tsaye muna kallo, Hasiba na kiran kajinta a can gida.

Daga ƙarƙashi aka sauke numfashi. Dogo, mai nauyi, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Ciyawar wurin ta kwanta ta tashi.

Refik ya cire hularsa. Ni na kama hannunsa.

Muna nan a ciki har yanzu. Rufi yana yoyo, ina tara kwano. Amma idan za mu wuce murhu mu nufi gado, sanɗa muke yi, kuma mun daina jan kujera a ƙasa. Akwai mai barci.